Yadda ake gwada akwatin fono mai ƙafa biyu da mai ƙafa ɗaya kafin a kashe kuɗi

Duk mai garmaho a Zariya ya san ƙugin nan. Ka kunna kaya, allura ba ta ma sauka kan faifai ba, amma lasifika tana gurnani ƙasa-ƙasa, kana ƙara murya yana ƙaruwa. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta sai ya canza launi. A nan ne mutum yake fara jin labarin akwatin fono (na'urar da ke ƙara ƙarfin siginar garmaho kafin amfilifaya) "balans", wato mai ƙafa biyu, mai soket XLR mai fil uku, wai shi ne maganin abin. Wani lokaci shi ne. Sau da yawa kuma ciwon yana wani wuri, kuma mitar gwajin wuta da rabin yini sun isa su nuna maka inda yake.

Aikin akwatin fono

Katirij, wato kan da ke riƙe da allura, wutar da yake fitarwa 'yar mitsitsiya ce. Nau'in MM, mai maganaɗisu mai motsi, yana ba da milibolt 3 zuwa 5 ko sama kaɗan: Audio-Technica AT-VM95E milibolt 4 ne, Ortofon 2M Red kuma 5.5. Nau'in MC, mai kwayil (naɗin waya) mai motsi, ya fi haka rauni nesa ba kusa ba, Denon DL-103 milibolt 0.3 kacal yake bayarwa. Akwatin fono yana ninka siginar MM kamar sau 100, abin da ake rubutawa 40 dB, ta MC kuma sau 1,000, wato 60 dB.

Aikinsa na biyu shi ne gyaran RIAA, ƙa'idar da kamfanonin faifai na Amurka suka tsayar a 1954. Lokacin yankan faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, akwatin fono kuma ya mayar da kowanne mazauninsa. A nan matsalarmu take. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, kuma gyaran RIAA yana ɗaga sautin 50 Hz da kusan 17 dB, kamar ninki 7. Ke nan a tsarin MC, duk ɗan ƙugin wuta da ya saɗaɗa cikin wayar garmaho sai an ninka shi kusan sau 7,000 kafin ya isa amfilifaya. Shi ya sa mita ɗayan nan ta waya tsakanin garmaho da akwatin fono ta fi kowace waya a ɗakin muhimmanci.

Bambancin biyun

Mai ƙafa ɗaya shi ne na RCA da kowa ya sani, ja da fari. Sigina tana tafiya ta tsinken tsakiya, ta dawo ta garkuwar da ke lulluɓe da wayar. Garkuwa tana aiki biyu ke nan: hanyar dawowar sauti ce, kuma ita ce ke tare hayaniya. Duk wata wuta da ta bi ta cikinta, akwatin fono ba ya iya bambanta ta da kiɗa.

Mai ƙafa biyu yana da wayoyi biyu a murɗe da juna don sigina, garkuwa kuma daban, ba ta ɗauke da sauti ko kaɗan. A kan XLR fil na 1 garkuwa ne, na 2 ƙafar gaba, na 3 ƙafar baya. Akwatin yana auna bambancin da ke tsakanin 2 da 3 ne kawai. Hayaniyar da ta faɗa wa wayoyin biyu daidai wa daida ba ta da bambanci, sai a zubar da ita. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma ita ce ta sa wayar makirufo take yin mita 30 a filin taro ba tare da ƙugi ba.

Amma sai sharuɗɗa uku sun cika tare: katirij ɗin kada ko ɗaya daga ƙafafunsa ya taɓa ƙasa, wayar cikin hannun garmaho ita ma haka, sannan mashigar akwatin ta kasance mai auna bambanci da gaske. Ɗaya ya faɗi, ka koma ƙafa ɗaya ko da soket ɗin XLR ne.

Mataki na 1: duba katirij

Juya kan hannun ka kalli bayan katirij da fitilar waya. Akwai filoli huɗu: fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama. Fari da ja su ne ƙafafun gaba. A yawancin katirij na MM za ka ga wani siririn ƙarfe kamar farce ya fito daga jikin katirij ya rungume fil ɗaya, galibi koren. Wasu kuma a ciki aka yi haɗin, ido ba ya gani. Wannan ƙarfen ne ke haɗa kwanon katirij da ƙasa don tare hayaniya, kuma shi ne ke karya daidaiton. Kada ka cire shi. In ka cire, kwanon ya zama eriya, ƙugin ya fi na da.

Saboda haka in MM gare ka, maganar mashiga mai ƙafa biyu ta kusa ƙarewa a nan. Nemi akwatin RCA mai kyau, ka sa shi a kan ohm 47,000, ka riƙe waya gajera. MM yana son jimillar kafasitans, wato wutar da waya da mashiga ke iya tarawa, tsakanin pikofarad 100 zuwa 200, kuma mita ɗaya ta wayar RCA ta kasuwa tana iya cinye 100 ita kaɗai. In waya ta yi tsawo, siririn sauti yakan yi tsini a wani wuri sannan ya dushe a sama.

MC kuwa kwayil ne zalla mai baki biyu, ba ya taɓa komai. A haka aka ƙera shi, kuma tun da siginarsa ta fi rauni sau goma, shi ne ya fi cin moriyar ƙafa biyu. Kamfanin Pro-Ject ma da ke sayar da garmaho da akwatunan fono masu irin wannan haɗin, da farko don MC ya tanade shi.

Mataki na 2: gwada wayar hannu da mita

Cire fulogin garmaho daga wuta, cire RCA da wayar ƙasa daga akwati. Zare ƙananan wayoyi huɗun daga bayan katirij da hantsaki, ka kama ƙarfen bakin, kada ka ja wayar, don ta fi gashi kauri da kaɗan ne. Ana zare su ne domin kada wutar mita ta ratsa kwayil.

Sa mita a wurin da take yin ƙara in wayoyi sun haɗu. Gwada wurare uku: bakin waje na RCA fari da wayar ƙasa, bakin waje na RCA ja da wayar ƙasa, sannan bakunan wajen biyu da junansu. In mita ta yi shiru a duka ukun, hannunka a shirye yake. In ta yi ƙara ko sau ɗaya, an haɗa wata ƙafa da ƙasa a ciki.

Hannayen Rega haka suke daga kamfani, ba su da wayar ƙasa daban, ta garkuwar hagu suke bi, don haka sai an sake musu waya. Tsofaffin Technics SL-1200 da masu kiɗan biki suka daɗe da sani, wayar RCA ɗinsu a manne take, sai mai gyara ya buɗe ƙasan. Garmahon da ke da nasa fono a ciki, mai maɓallin PHONO da LINE a baya, ka bar shi a ƙafa ɗaya. Mafi sauƙi shi ne hannun da ke da soket DIN mai fil 5 a gindinsa: huɗu na sigina, na tsakiya na ƙasa. Wannan waya kawai za a canza.

Mataki na 3: gyara ƙasa da mazauni tukuna

Wannan matakin ne mutane suke tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi duka yawan warkar da ƙugi a garin nan. Gidaje da yawa, a cikin Birni ne ko a sababbin unguwannin Samaru, soket ɗinsu rami uku ne amma na saman ba a haɗa shi da komai ba. Kira mai gyaran wuta ya auna: tsakanin wayar wuta da ta ƙasa ya kamata a ga kusan abin da ake gani tsakanin wuta da nutural, tsakanin nutural da ƙasa kuma 'yan bolt kaɗan. In babu ƙasa, a kafa sandar tagulla, a zaɓi gefen gida mai danshi, kusa da inda ruwa ke bi. Ƙasar Zariya tana bushewa ƙwarai daga Nuwamba zuwa Afrilu, sandar da ta yi aiki da damina sai ta yi rauni da rani.

Kada ka taɓa karya ƙafar ƙasa ta fulogi don ƙugi ya tafi. Yana iya tafiya, amma ranar da wuta ta taɓa jikin amfilifaya kai ne hanyarta.

Sannan ka sa garmaho da akwatin fono da amfilifaya duk a kan istenshan ɗaya, firji da fanka da cajar waya a wani layin. In akwai talabijin ko dikoda a haɗe da amfilifayar, zare su lokacin gwaji, domin wayar dish tana kawo tata ƙasar daban, kuma ƙasa biyu a tsari ɗaya su ne ke haifar da zoben da wuta ke zagayawa. Ɗaura wayar ƙasa ta garmaho a dunƙulen ƙasa mai rubutun GND na akwatin fono, a kan ƙarfe tsirara, ka goge tsatsa. Matsar da sitabilaiza da inbata aƙalla mita ɗaya daga garmaho, kada kuma ka ɗora akwatin fono a kan amfilifaya, taransifomarta tana nan ƙarƙashin murfi. In dole wayar sigina ta haɗu da ta wuta, su gicciye juna, kada su jera.

Yanzu sake saurare. In ƙugin ya tafi, akwatin da kake da shi ya isa.

Mataki na 4: gane irin hayaniyar

Sa murya a inda ka saba sauraro, hannu a ɗage, ka kasa kunne kusa da lasifika.

Gurnani mai kauri mara tsini shi ne 50 Hz. Kama hannun garmaho ka kai shi daga mazauninsa zuwa tsakiyar faranti a hankali. In ƙugin yana ƙaruwa yana raguwa da tafiyar hannun, kwayil ɗin katirij ne ke shaƙar maganaɗisun wata taransifoma ko motar garmahon. Ƙafa biyu ba ta maganin wannan, domin a cikin siginar kanta ya shiga. Nisa ne kawai maganinsa. In kuwa ƙugin bai damu da hannu ba amma yana canzawa in ka motsa waya ko ka taɓa jikin akwati, to ta waya da ƙasa yake shiga, kuma wannan shi ne ainihin abin da aka yi ƙafa biyu dominsa.

Ƙara mai tsini kamar ta ƙudan zuma a kwalba, daga inbata take zuwa, ko cajar waya, ko ƙwan lantarki mai arha. Inbatar da ba ta fitar da wuta mai santsi ta fi kowa laifi a nan. Ƙafa biyu tana rage ta sosai in ta waya take shiga. Ɗit-ɗiɗit ɗin da ake ji dab da shigowar kira kuwa wayar hannu ce, a fitar da ita daga kan teburin.

Huci mai laushi, shuuu, na cikin akwatin ne. Ƙafa biyu ba ta rage shi. Hasali ma mashiga mai ƙafa biyu tana da sassan ƙara ƙarfi ninki biyu, don haka in ingancin ƙira ɗaya ne tana iya fin mai ƙafa ɗaya huci da kamar 3 dB. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba.

Sai ƙas-ƙas na hunturu. Ka zaro faifai daga rigarsa a watan Janairu ka ji yana tartsatsi, gashin hannunka ya miƙe, ƙura ta bi shi ta manne kafin ka kai shi faranti. Wannan bushewar iska ce, babu ruwan akwatin fono. Burushin kabon kafin kowane gefe, rigar ciki ta leda mai hana tartsatsi, da wanke faifai da tataccen ruwa zalla, ba asid ɗin batir ba, su ne maganinsa. Tsofaffin faya-fayan EMI da Decca na shekarun 1970 da aka gada a gida sun fi buƙatar wanka a kan sabon akwati.

Mataki na 5: haɗa wayar ƙafa biyu

In MC gare ka, hannu ya ci gwajin mita, kuma hayaniyar ta waya ce, to ci gaba. Kayan ba su da wuyar samu wurin masu kayan sauti a Sabon Gari: wayar makirufo mai ciki biyu da garkuwa, guda biyu, kowacce mita 1 zuwa 1.2, kan XLR namiji guda biyu, da kan DIN in hannunka mai DIN ne. Duba garkuwar kafin ka biya, a fere maka ɗan baki. Saƙaƙƙiyar tagulla mai cika ake so, ba 'yan silalla da ake hango cikin waya ta tsakaninsu ba.

A gefen hagu, fari ya tafi fil na 2, shuɗi fil na 3. A dama, ja fil na 2, kore fil na 3. Garkuwa fil na 1 a kowanne, kuma a ɓangaren garmaho kada ta taɓa shuɗi ko kore. Ƙasar hannu ta tafi GND da wayarta. A liƙa da dalma kaɗan mai sheƙi, a bar murɗin wayoyin biyu har dab da fil. Bayan an gama a bi kowace da mita kafin a mayar da katirij. In aka juya 2 da 3 a gefe ɗaya kawai, kaurin sauti zai ɓace, muryar mawaƙi ta watse ta rasa tsakiya. Tsohon faifai mai sauti ɗaya yana tona wannan kuskuren nan take.

Abubuwa biyu da ba a yi. Ɗan adafta mai RCA a baya XLR a gaba yana haɗa fil na 3 da na 1 a ciki, saboda haka siffar soket kawai ya canza. Na biyu ya fi haɗari: kada ka soka wannan wayar a mashigar makirufo ta mikisa. Babu gyaran RIAA a can, kuma maɓallin 48V yana iya ƙona kwayil ɗin MC in haɗin ya ɗan karkace.

Ka kuma duba akwatin da kake shirin saye da kyau. Da yawa XLR ɗinsu a mafita yake, mashiga kuwa RCA ce. Wannan yana da amfaninsa in amfilifaya tana nesa, mita 3 ko fiye, ita ma tana da XLR. Amma a nan siginar ta riga ta girma ta kai kusan rabin bolt, ba ita ce mai rauni ba. Inda aka rubuta IN, nan za ka duba.

Akwai hanya ta uku ga mai MC da ke da akwatin MM mai kyau: 'yar taransifomar ɗaga sigina. Mai 1:10 tana ƙara 20 dB, kuma in aka haɗa ta da mashigar ohm 47,000 katirij zai ga ohm 470. Kwayil ɗinta na shiga ba ya buƙatar taɓa ƙasa, don haka tana ba da yawancin amfanin ƙafa biyu, ba ta cin wuta, ba ta ƙara huci. Sai dai tana shaƙar maganaɗisu, dole a nisanta ta daga sitabilaiza, wayar da ke fita daga cikinta kuma kada ta wuce rabin mita.

Mataki na 6: kwatanta su da adalci

Ari akwati ko ka yi sharaɗin mayarwa da mai kaya, ka kawo shi ɗakinka. Gwajin shago ba ya gaya maka komai game da wutar gidanka.

Saita biyun iri ɗaya: ƙarfi 60 dB, lodi ɗaya, wato ohm ɗin mashigar akwati. Ga MC ana farawa da kamar ninki 10 na juriyar kwayil. DL-103 ohm 40 ne, don haka wajen 400, kada a sauka ƙasa da 100. Lodi ya yi ƙasa, sauti ya dushe ya rasa rai. In ɗaya yana kan 100 ɗaya yana kan 470, lodi kake kwatantawa, ba akwatuna ba.

Daidaita ƙarfin murya, wannan wajibi ne. Mafitar XLR takan fi ta RCA da 6 dB, ninki biyu na bolt, kuma kunne kullum yana zaɓar wanda ya fi ƙarfi ya ce ya fi daɗi. In kana da faifan gwaji mai sautin 1 kHz, sa mita a AC a bakin wayar lasifika, ka juya murya har ta nuna bolt 1, ka yi alama da tef. Canza akwati, ka sake nemo bolt 1, ka yi alama ta biyu. In babu faifan gwaji, manhajar auna ƙara a waya ta isa, a ajiye wayar wuri ɗaya, a sa baiti ɗaya.

Fara da shiru: hannu a ɗage, murya a kan alama, ka saurara daga kujerarka, sannan daga taku ɗaya. Yi haka sau uku, da wutar gari, da janareta, da inbata, domin akwatin da ya yi tsit a ɗaya yana iya yin ƙara a wani. A kan janareta ka lura da wani abu daban: garmaho mai motar da ke bin bugun wuta saurinsa yana hawa da sauka in janareta ba ya riƙe 50 Hz, kuma wannan rawar murya ba laifin akwati ba ce.

Sannan kiɗa. Zaɓi wuri mai sanyi, inda kayan kiɗa suka yi ƙasa aka bar murya ko gurmi shi kaɗai, da 'yan daƙiƙun da ke tsakanin waƙa da waƙa. A nan bambancin yake fitowa in akwai shi. Sa wani ya riƙa canza wayoyin kana ba da baya, a rage murya zuwa sifili kafin kowane canji don kare lasifika, a yi sau 10 kana rubuta wanda kake zato. In ka dace sau 5 ko 6, kunnenka bai raba su ba, kuɗin ya fi amfani a sabuwar allura. In ka dace 9 ko 10, kuma ƙugin da ke kan inbata ya faɗi har ba ka jinsa daga kujera, riƙe mai ƙafa biyun, ka bar wayar a mita ɗaya, ka sake duba dunƙulen GND da sandar ƙasa idan rani ya shigo.